Wakilin da Ba Zai Ji Tausayina Ba

Salamu alaikum, masu bin labarina. Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Zuwaira, shekarata ashirin da shida, kuma a Riyad na girma tun ina 'yar bakwai. Mahaifina ya rasu. Mu biyu ne a gida a unguwar Ulaisha, ni da Ummana, Hajjo, wadda ta shekara goma sha tara tana aikin ungozoma a wani asibiti a nan. Abin da zan faɗa yau ba zai yi wa wasunku daɗi ba, musamman ku da kuke turo mini saƙo cewa in rage taurin kai kada in rasa miji. Ku karanta tukuna, sannan ku yi mini faɗan.

Shekara biyu na yi ina neman lasin buɗe kamfani da sunana. Sana'ar ba wata babba ba ce. Daddawa ce da kuka da busasshiyar kuɓewa da yajin ƙuli da garin kunu, a shirya su cikin tsafta, mutum ya yi oda ta waya, a kai masa har ƙofar masauki. Nas-nas ɗinmu da direbobi da masu aikin gini kowa yana kewar miyar gida. Mutanenmu da yawa a nan suna kasuwanci ne da sunan wani ɗan ƙasa, su laɓe a bayansa. Doka ta hana, kuma ni tun farko na ce ba zan gina abu a kan laɓe-laɓe ba. Da taimakon wata cibiya mai tallafa wa masu fara sana'a lasin ya fito. Saura rajistar kamfanin, saura kuma naɗa wakili, wato mutumin da za a rubuta sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa, shi zai bi takardu ofis-ofis, kuma duk wata sanarwa ta hukuma hannunsa za ta fara faɗawa kafin ta iso gare ni.

A makon da na shigar da takardun rajista aka yi wa Umma aiki a gwiwa. Ina asibiti wuni guda, wayata rabin lokaci a kashe. Musaddiq, wanda zan aura, ya ce in sa lambarsa a takardun na ɗan lokaci, in ji da Umma kawai. Na sa, na kuma yi masa godiya. Injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, ɗan Zariya, mutum mai sanyin magana wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Duk sanda na tambaye shi ko an turo wani abu, sai ya ce, “Shiru ne har yanzu, Mudira. Kin san aikin takarda.” Mudira yake ce mini, wai shugabar kamfani, tun kamfanin yana cikin littafin rubutuna.

Ranar Juma'ar da ta wuce, Kawu Inuwa ya zo cin abinci bayan masallaci kamar yadda ya saba. Wan Umma ne, yana aiki a wani shagon aika kaya Kano a unguwar Batha, kuma babu Bahaushen da ya shekara a garin nan bai san muryarsa ba. Umma ta gayyaci Musaddiq. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, na shimfiɗa leda a kan kafet ɗin falo, na sa turaren wuta, na kunna na'urar sanyi har ƙarshe saboda garin kamar an buɗe tanda. Doguwar rigar atamfa na sa, ruwan ganye mai zanen ƙwai, da farin mayafi. Musaddiq ya shigo cikin shadda ruwan toka da hula zanna, yana ƙamshin turaren ud. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na koma kicin na tsaya na minti ɗaya kafin na iya fitowa da miya.

Kawu bai bari an gama wanke hannu ba.

“To, Hajiya mai kamfani, an ce kina tantance wakili kamar za a naɗa ministan man fetur?”

“Kawu, ofis uku kawai aka ba ni sunansu in duba.”

“Ofis! Ga mutum a zaune, injiniya guda, Larabci a bakinsa kamar limamin Juma'a, wata biyu ya rage a ɗaura muku aure, sai ki tsallake shi ki je ki kwaso bare? Hajjo, kin ga abin da nake gaya miki? Yaran da suka tashi da burodi da cuku ba su san zumunci ba.”

Musaddiq ya yi dariya. “Kawu, Larabcin nawa na wurin gini ne. Kawo ƙarfe, ɗauke siminti, yalla yalla. Nan ya tsaya.”

“Ya isa! Ni da ‘mafi mushkila’ kaɗai, wato babu matsala, na shekara ashirin a Batha, har yau ba a kore ni ba.”

Kowa ya yi dariya, ban da Umma. Tana zaune a kujera da ƙafarta a miƙe kan matashi, sandarta a gefe. Umma ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari.

“Ke 'yar nan, ki saurara. Maganar nan za ta je Zariya. Uwarsa za ta ji cewa tun ba ki shiga ɗaki ba kin ware naki, kin ba wani can ya riƙe. Me kike so a ɗauke ki? Wanda za ki ba kanki gaba ɗaya, takarda ce za ta gagara?”

Gaskiya kuma a ranar maganar ta shige ni. Na ce a raina, wai me nake tsoro ne? Mutumin da ya riƙa kawo mana abinci asibiti kullum daga wancan ƙarshen gari?

Bayan la'asar saƙonsa ya shigo.

“Kada ki damu da maganar Kawu. Duk abin da kika zaɓa daidai ne. Amma zan ji daɗi in ni ne.”

Na amsa, “Kai ne. Ranar Lahadi zan je a rubuta.”

Ya turo hoton zuciya guda uku. Na yi ta kallonsu kamar wata ƙaramar yarinya.

Ranar Lahadi da safe na zura baƙar abaya a kan riga da siket, na ɗauki jakar takardu, na hau tasi zuwa unguwar Dira. Ɗaya daga ofisoshin nan uku yana can, a saman wani shagon alkyabba, kusa da tsohuwar kasuwa. Niyyata kawai a tsara mini takardar wakalci da sunan Musaddiq yadda ba za a samu kuskure ba.

Mai ofishin sunanta Ustaza Bilƙisu. 'Yar ƙasa ce, amma kakanta daga Damagaram ya taso da ƙafa zuwa aikin hajji, bai koma ba. Za ta kai hamsin, siririya, da tabarau mai igiya, hannun abayarta ya koɗe saboda gugar tebur. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana yi tana cusa Larabci. Ba ta yi mini murmushi ba. Ta dai tura mini ɗan kofin gahawa da dabino biyu.

“Ke ɗiyar wa?”

Na gaya mata. Na kuma gaya mata abin da ya kawo ni.

“Wakala iri biyu ce,” in ji ta. “Akwai ta gaba ɗaya, wadda zai iya sa hannu a madadinki a kan komai, har rufe kamfanin. Akwai taƙaitacciya, wadda za ki lissafa abin da kika yarda ya yi, da ranar da za ta ƙare. Wacce kike so?”

“A gida an ce ta gaba ɗaya.”

“Ban ga gida a nan ba, ke na gani. To bari in tambaye ki. Daga safe zuwa azahar, lokacin da ofisoshi suke buɗe, yana ina?”

“Yana wurin gini, bayan gari.”

“Kafilinsa, kamfanin da ya yi masa iƙama, takardar zama a ƙasar nan, ya san zai riƙa yi wa wani kamfani hidima?”

Ban taɓa tunanin wannan ba.

“In takarda mai ɗaci ta zo, zai gaya miki a ranar?”

“Sosai ma. Yana sona.”

Ta sauke tabaran ya faɗa kan ƙirjinta. “Ya binti, ɗiyata, ban tambaye ki ko yana sonki ba.”

Raina ya sosu. Na ce a zuciyata, wannan tsohuwa kasuwa take nema wa kanta. Ta ce in shiga shafina a kwamfutarta ta ga inda rajistar ta tsaya kafin ta rubuta komai. Na shiga. Ta karanta, ta ja shafin ƙasa, ta sake karantawa. Sannan ta juyo da allon wajena.

“An rufe buƙatarki kwana goma sha ɗaya da suka wuce.”

“An rufe kamar yaya?”

“Lambar ginin da ke takardar hayar ɗakin ajiyarki ba ta yi daidai da wadda ke adireshin ba. An aika saƙo a gyara cikin kwana goma. An sake aikawa. An aika na uku. Ga lambar wayar da aka tura wa. Taki ce?”

Ba tawa ba ce. Na haddace ta fiye da tawa.

“Sunan da kika kama wa kamfanin shi ma ya saki. Komai daga farko za a sake. Gyaran da aka nema kuwa, da ke kika gani, aikin wuni ɗaya ne.”

Ba ta ce sannu ba. Ba ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri ba. Ta ɗauki biro ta fara rubuta mini jerin abin da za a sake nema, ɗaya bayan ɗaya. A lokacin na ji haushinta kamar in watsa mata gahawar. Na ɗauki hoton allon da wayata, na ce zan dawo, na sauko.

A bakin shagon alkyabbar na tsaya na tura wa Musaddiq hoton. Ban rubuta komai ba. Alamar ya gani ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sai ga su suna shigowa a jere.

“Zan yi miki bayani.”

“Ranar da saƙon farko ya zo, ranar ce jikin Umma ya rikice bayan aikin.”

“Na je in gyara da kaina, suka ce ba ni da wakala. Na nemi mai ginin, ya yi tafiya Jidda.”

“Kullum ina cewa gobe zan gyara sannan in gaya miki an gama.”

“Wallahi ban so ranki ya ɓaci ba.”

Na san gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Da na koma gida na tarar da Umma tana tsince shinkafa a faranti a kan cinyarta. Na gaya mata komai, ina jiran ta zabura. Ba ta ko ɗago ba.

“Na sani. Ya gaya mini bayan an sallame ni. Ni na ce ya bar ki ki huta, kin rame kamar ke aka yi wa aikin.”

“Umma! Kwanakin ƙirga su ake yi!”

“Kada ki ɗaga mini murya. Yaro ya yi abin da ɗan mutunci yake yi. Ana tarar mutum da mugun labari ne kai tsaye kamar an jefe shi da dutse? Da babanki ya rasu a Kano, ce mana aka yi jikinsa ya yi tsanani, sai da muka sauka daga jirgi muka ga tabarmi a ƙofar gida. Kin ji na zagi wani?”

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da abayata a jiki. A nan ne zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba. Lokacin da likita ya kira ni gefe ya ce gwiwar Umma ta biyu ma ta lalace, kuma da wuya ta koma tsayuwar ɗakin haihuwa kamar da, na dawo na ce mata ya ce komai lafiya. Har yau ba ta sani ba. Tana nan tana goge fararen kayan aikinta tana lissafin ranar komawa. To ni wa zan yi wa faɗa?

Haka aka raine mu. Muna ɗaukar ɓoye wa mutum abin da zai ɗaga masa hankali a matsayin ladabi, kuma sau da yawa ladabin ne. Amma mu daina yaudarar kanmu. Rabin wannan tausayin, kanmu muke tausaya wa, don ba ma son mu ga fuskar mutum a lokacin da ya ji. Kuma ita takardar hukuma ba ta jira sai mutum ya huta. In an ce kwana goma, ranar sha ɗaya an rufe, ko uwarki tana gadon asibiti ko tana gida. Wanda zai tsaya tsakanina da irin wannan takarda, ba na bukatar ya san na rame.

Ranar Litinin da safe na koma Dira.

“Kin dawo,” in ji Ustaza Bilƙisu. “Sunan nasa za a rubuta?”

“Naki za a rubuta. Taƙaitacciya, ta shekara ɗaya. Bin takardun rajista da karɓar sanarwa kawai. Ban da sayarwa, ban da rufewa.”

A karon farko na ga gefen bakinta ya motsa. “Kin yi karatu jiya.”

“Sharaɗi ɗaya gare ni. Duk abin da ya zo, ki gaya mini a ranar. Ko ina gidan biki, ko ina gidan makoki.”

“Ni ban san wata hanyar ba. Kuma lambarki za mu sa tare da ta ofis, ki riƙa gani da idonki. Kada ki yarda da ni fiye da abin da ke rubuce.”

Muka karanta takardar layi-layi. Saƙon tabbatarwa ya shigo wayata, na danna amincewa. Na san ba takarda kaɗai na danna ba.

Kafin in isa gida Kawu ya kira, ban san wa ya gaya masa ba. “Zuwaira, kin kyauta! Kin ba mu kunya a gaban surukai, khalas, shi ke nan! In yaron nan ya fasa, kada ki zo Batha kina mini kuka.” Ya kashe tun ban ce uffan ba. Umma kuwa da na gaishe ta, da kai ta amsa, ta ja sandarta ta shige ɗaki.

Bayan la'asar Musaddiq ya zo, da kayan aikinsa a jiki, takalminsa duk siminti. Ya cire su a bakin ƙofa ya zauna a ƙasan kafet, bai hau kujera ba. Na kawo masa ruwa da shayi. Labulen ɗakin Umma a sake yake, ina jin ƙarar carbinta.

“An ce kin naɗa matar ofishin nan.”

“Na naɗa.”

“Da ina da wakalar nan tun farko, da na gyara a rana ɗaya, da duk wannan bai faru ba. Kin san haka?”

“Na sani. Da kuma har abada ban san an taɓa turo saƙon ba.”

Ya juya kofin a hannunsa. “Zuwaira, in ba ki yarda in riƙe miki takarda ba, ta yaya za ki yarda in riƙe ki?”

Bai ce Mudira ba. Maganar ta soke ni, amma na riga na kwana da ita tun kafin ya faɗe ta.

“Ban ce ba ka da amana ba. Amanarka ce ta sa ka yi ta zarya tsakanin ofis da mai gini kai kaɗai. Ni dai ba na son zaman da za a riƙa tace mini labari kamar kunun mara lafiya. Ina sonka, kuma aurenka nake so in yi. Shi ya sa zan tambaye ka abu ɗaya, ka amsa mini yau, ba gobe ba. Akwai wani abin kuma da ka ɓoye mini don kada raina ya ɓaci?”

Na zaci zai ce babu. Wallahi na shirya in karɓi babu ɗin, in tashi in zubo masa abinci.

Ya ajiye kofin. Ya dubi safarsa.

“Aikin da aka kawo mu yi ya ƙare. Kamfani bai sabunta mini ba. Sun buga mini fita ta ƙarshe.”

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ma'anar wannan. Ka tattara kayanka ka bar ƙasar kafin ranar da aka rubuta.

“Saura kwana nawa?”

“Ashirin da uku.”

“Aurenmu saura wata biyu, Musaddiq.”

“Na ɗauka zan samu wani kamfani kafin lokacin, sai in gaya miki an gama.”

“Ka samu?”

Ya girgiza kai.

Ranar Juma'a yana zaune a wannan wurin yana dariya, ana cewa in ba shi wakalar komai nawa, alhali kwanakinsa a ƙirge suke. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa, nesa da shi kaɗan, na gyara mayafina.

“To faɗa mini daga farko. Kada ka rage komai don tausayina.”

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja. Sannan ya dubi labulen. Ƙarar carbin ta tsaya.

“In haka kike so,” ya ce a hankali, “ki kira Umma ta fito. Rabin maganar tata ce. Wannan ma ta sani, ita ta ce kada in gaya miki tukuna.”